Haƙƙin Tsuntsu Mara Lafiya A Wuyan Mai Shi

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci mai tafiya a ƙasa da mai tashi a sama, Ya kuma ɗauki nauyin arzikin kowannensu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Mas'alar da za mu duba a wannan mako ita ce ta mutumin da yake kiwon tsuntsu a gidansa don sha'awa, tattabara ce ko aku ko kanari, sai tsuntsun ya kamu da ciwo, aka kuwa shaida masa cewa kuɗin magani ya fi kuɗin tsuntsun kansa. Shin akwai wani abu da shari'a ta ɗora a wuyansa, ko kuwa yana da damar ya kau da kai ya bar shi ya mutu, tun da dai dukiyarsa ce? Wani zai ce wannan ai ba abin da za a ɓata takarda a kansa ba ne. To amma malamanmu na da ba su raina irin wannan tambaya ba, domin sun san an shigar da mutum wuta a kan kyanwa, an kuma gafarta wa wani a kan kare.

Duk wanda ya san ƙauyukan arewacin Kano, watau ƙasar Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci da Tsanyawa da Dawakin Tofa, ya san ƙasa ce mai cikar jama'a, gona na manne da gona, da wuya ka ga saurar da aka bari ta huta. A irin wannan wuri dabba ba ta da dajin da za ta shiga ta nemi abinci da kanta idan shuka ta fito. Tumaki da awaki suna turke duk damina, kaji kuma da yawa akan tsare su lokacin shuka don gudun rigima da maƙwabta. Da wuya ka shiga unguwa ba ka ga ɗakin tattabaru ba, na samari ko na magidanta, wasu don sayarwa, wasu don taki, wasu kuwa don ƙauna kawai. To, lokacin da ake yawan tsare tsuntsaye ɗin nan shi ne kuma lokacin marka, sa'ad da ɗakuna ke yin laima, hatsin bara ya zo ƙarshe a rumbu, sai na ƙasa wanda danshi ya taɓa. Abin da uwargida ta tsince ta ce ba ya ciwuwa, shi akan watsa wa tsuntsaye, a ce ai su ba ruwansu.

Daga nan ciwon da muke magana a kansa yake samun ƙofa. Fumfunar da kake gani, fara ko koriya ko baƙa, a jikin gero da dawa da masara da gyaɗa idan sun sha danshi, abu ce mai rai, tana kuma watsa 'ya'yanta cikin iska kamar ƙura, ƙanana ƙwarai yadda ido ba ya ganinsu. Akwai wani jinsi nata da masana ke kira Asfajilus, wanda ke son hatsi mai laima da ruɓaɓɓen ƙaiƙayi da shimfiɗar akurki wadda ta jiƙe. Shi kuwa tsuntsu, Allah Ya yi masa halittar numfashi dabam da tamu. Ban da huhu, yana da waɗansu jakunkunan iska a cikin jikinsa, tara a galibin tsuntsaye, waɗanda suke taimaka masa wajen tashi. Idan ya shaƙi wannan ƙura da yawa sai ta sauka cikin huhu da jakunkunan nan, wuri mai ɗumi da laima, ta tsiro a can kamar yadda take tsirowa a gindin rumbu. Sai ka ga tsuntsu yana numfashi baki buɗe, wutsiyarsa tana motsi sama da ƙasa da kowane numfashi, ya rame har ƙashin ƙirjinsa ya fito, muryarsa ta sauya ko ta ɗauke, ya koma lungu ya takure. Aku yana cikin tsuntsayen da wannan ciwo ya fi kamawa.

Akwai kuma wani jinsin fumfunar da ake kira Kandida, wanda yakan kama baki da maƙogwaro da jakar nan ta ƙasan wuya inda hatsi ke taruwa kafin ya wuce zuwa ƙundu. Sai a ga farin abu a bakin tsuntsu, abinci ya tsaya masa yana tsami, yana amayarwa. Wannan ya fi kama 'yan shila da tsuntsayen da suka raunana, ko waɗanda aka daɗe ana ɗura musu maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ba bisa ƙa'ida ba. Ciwon Asfajilus ba ya tsallakawa daga wannan tsuntsu zuwa wancan kamar yadda annobar kaji take yi, daga wurin zama da abinci ake ɗaukarsa. Lafiyayyen tsuntsu yakan shaƙi kaɗan jikinsa ya kawar da ita, amma wanda yunwa da cunkoso da rashin iska suka gajiyar ba ya iyawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun kawo wannan bayani ne domin hukunci yana bin sanin abu. Idan aka gane cewa galibi wannan ciwo daga hannun mai tsuntsu yake fitowa, watau daga abin da ya zuba masa da inda ya ajiye shi, to maganar ta tashi daga ƙaddarar da ta faɗo daga sama kawai, ta koma maganar amana. Tsuntsun da ke sake yana zaɓen ƙwayar da zai ci da ruwan da zai sha da reshen da zai kwana a kai. Ranar da ka sa shi a keji, ko ka datse masa fiffike, ko ka rufe masa ƙofa, ka karɓe wannan zaɓi daga gare shi ka riƙe a hannunka. Daga ranar nan ba shi da gona sai tafin hannunka, ba shi da rafi sai kaskon da ka ajiye masa.

Shari'a ba ta hana ajiye tsuntsu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, cewa yana da wani ƙane ƙarami da ake yi wa alkunya Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuwa idan ya zo gidansu yakan tambayi yaron labarin tsuntsun nasa. Wata ruwaya ta ƙara da cewa tsuntsun ya mutu, Annabi ya tarar da yaron cikin baƙin ciki, ya tambayi dalili, sa'an nan ya yi masa magana mai daɗi don ya lallashe shi. Wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙassi, ya fitar da fa'idodi wajen sittin daga wannan ɗan gajeren labari, Ibnu Hajar kuma ya kawo su a sharhinsa na Buhari. Daga ciki akwai halaccin ajiye tsuntsu da barin yaro ya yi wasa da shi, matuƙar ba a azabtar da shi ba. A lura kuma, shugaban halitta bai ce wa yaron tsuntsu ne kawai ba, bai yi masa dariya a kan baƙin cikinsa ba.

Amma halaccin yana tafe da sharaɗi. Hadisin matar nan da aka yi wa azaba saboda kyanwa sananne ne, yana cikin Buhari da Muslim. Laifinta da aka ambata shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta cikin ƙwarin ƙasa ba. Ba a ce ta doke ta ba, ba a ce ta yanka ta ba, tsarewa ce da sakaci. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda alkalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, an bayyana cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in kuwa ya ƙi, sai a sayar da ita. Ka ga ashe wajibcin yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda aka toshe wa dabba hanyar neman abinci da kanta, babu kuwa wanda aka toshe wa hanya kamar tsuntsun keji. Kuma ciyarwar da ake nufi ita ce wadda za ta raya. Wanda ya zuba wa tsuntsu abin da ya san zai sa shi ciwo bai sauke wajibin ba, ko da kaskon ya cika ya batse.

To, sai maganar kuɗi. Mai hankali zai ce, yaya zan kashe abin da ya fi kuɗin tattabara biyu a kan tattabara ɗaya, alhali ga iyali, ga taki ban saya ba? Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, ba kuwa za mu rufe ido a kanta ba. Ciyar da iyali yana gaba da ciyar da tsuntsu, Allah kuma ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kamar yadda ƙarshen Suratul Baƙara ya nuna. Ba wanda zai ce ka ci bashi ko ka hana 'ya'yanka tuwo don aku. Kuskuren yana wurin da aka mai da farashin kasuwa ya zama ma'aunin haƙƙi. Kasuwa tana auna abin da tsuntsu zai amfane ka da shi ne, ba ta auna wahalar da yake sha idan numfashi ya gagare shi. Aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamar mu, aya ta 41 a Suratun Nur kuma ta lissafa tsuntsaye cikin masu yi wa Allah tasbihi. Karen da mutumin nan ya shiga rijiya ya ɗebo wa ruwa da takalminsa ba shi da farashi ko na anini, ba ma nasa ba ne, amma Allah Ya gafarta masa saboda shi. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi ya tabbatar musu cewa akwai lada a kan kyautata wa kowane mai rai.

Har ila yau, mafi yawan abin da tsuntsu mara lafiya yake bukata ba da kuɗi ake sayensa ba. A ware shi a wuri mai tsabta, busasshe, mai ɗumi, wanda iska ke ratsawa. A zubar da hatsin da ya yi fumfuna, a binne shi ko a ƙone, kada a ba wata dabbar. A kwashe tsohuwar shimfiɗa, a bar rana ta shiga ɗakin, a wanke kaskon ruwa kullum, a kuma ba shi irin hatsin da mutum zai yarda a daka masa fura da shi. Wanda zai share ɗakin tattabaru ya fara yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, ya rufe hancinsa da ƙyalle, domin busasshen kashin tattabara yakan ɗauki wata fumfunar da ke cutar da mutane. Mai asma, da wanda ya taɓa yin tarin fuka, da wanda wata cuta ta raunana jikinsa, su bar wa wani wannan aiki. Duk wannan ba ya cin ko sisi, lokaci da kula kawai yake ci, wanda kuwa ya ce ba shi da su, to tun farko bai kamata ya rufe tsuntsu ba.

Game da magani kuwa, Buhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Amma magani sai da sani. Al'adar nan ta ɓare kafso a zuba cikin ruwan tsuntsu duk lokacin da ya yi laushi ba ta kashe fumfuna, sau da yawa ma ƙara mata ƙarfi take yi, domin tana kashe ƙwayoyi masu amfani da ke tare mata hanya. Sa'an nan akwai wani ciwon bakin tattabara mai fitar da abu rawaya-rawaya, wanda ya yi kama da na fumfuna alhali wata ƙwayar cuta ce dabam, maganinsa ma dabam. Likitocin dabbobi suna da magunguna na musamman, irin su nistatin don ciwon baki da jakar abinci, da itirakonazol don na numfashi, shi wannan na biyun kuwa yana iya yi wa aku illa idan ba masani ne ya auna ba. Jinyar ciwon numfashin takan ɗauki makonni ko watanni, wanda ya yi nisa kuma sau da yawa ba ya warkewa. Saboda haka a nemi malamin dabbobi tun da wuri. Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga wannan ilimi, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, ga kuma Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, a tsakiyar yankin da muke magana. Idan kuwa tsuntsaye suka riƙa mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ba halin fumfuna ba ne a manyan tsuntsaye, a gaggauta sanar da hukuma, domin ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 ta kuma iso Kano ba.

Idan mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa abin ya gagara, shari'a ba ta bar shi cikin ƙunci ba. Yana iya ba da tsuntsun ga wanda ya fi shi hali, bayan ya gaya masa gaskiyar ciwon. Idan an fid da rai da warkewarsa, wahala kuma ta yi masa yawa, malamanmu na Malikiyya sun halatta a yanka dabba don a hutar da ita, ko da ba wadda ake ci ba ce. A yi shi da wuƙa mai kaifi, cikin sauri, ba a gaban 'yan'uwansa ba, domin hadisin Shaddadu ɗan Ausi da Muslim ya ruwaito ya umurce mu da kyautatawa har a wurin yanka. Cin naman kuwa, a bi shawarar likita, musamman idan an riga an ba shi magani.

Hanyoyi biyu ne aka rufe. Ta farko ita ce a buɗe keji a kori tsuntsun da ba ya iya tashi, a ce an 'yanta shi. Tsuntsun da ya tashi a hannun mutane, ga shi kuma ba lafiya, sakinsa miƙa shi ne ga kyanwa da shirwa da yunwa, mai shi kuwa ya huce wa kansa ganin abin ne kawai, nauyin yana nan a wuyansa. Ta biyu ita ce a goge masa baki a kai shi kasuwa a sayar wa wanda bai sani ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sa'an nan ya barranta daga mai algus. Wannan hadisi ya hau kan mai sayar da tsuntsu mara lafiya, ya kuma hau kan mai cusa jiƙaƙƙen hatsi a tsakiyar buhu, a kasuwar ƙauye ne ko a Dawanau, domin daga irin wannan buhun ciwon yake farawa.

A nan ne ya kamata magidanta su ƙara buɗe kunne. A shekarar 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka rasa dalili, sai bincike ya kai ga garin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da shi daga Brazil, wanda wani jinsin Asfajilus ya kama. Ta haka duniya ta gano gubar da ake kira aflatoksin, wadda ke lalata hanta, tana kuma jawo kansar hanta ga mutane, dafuwa irin ta gida kuwa ba ta kawar da ita. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan sun ci masarar da wannan guba ta kama. Ita guba ce da ake ci, dabam take da ciwon da ake shaƙa, amma tushensu ɗaya ne, watau hatsi da gyaɗar da ba su bushe sosai ba kafin a adana su. Tsuntsaye ne suka fara faɗuwa kafin mutane su farga. Don haka idan tattabarar ɗanka ta fara numfashi da ƙyar, kada ka tsaya kan tattabarar kaɗai, leƙa rumbu, duba buhun gyaɗar da ake yi wa yara ƙuli-ƙuli da kunu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Wani zai kawo hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda Annabi ya ga wani mutum yana bin tattabara ya aibata shi, ya ce ai kiwon tattabara aikin banza ne, balle jinyarta. Malamai sun fassara wannan da wanda wasan tattabara ya shagaltar da shi daga salla da neman halal, ko yake caca da ita, ko yake hawa soro yana leƙa gidajen mutane. Uba yana da iko ya hana ɗansa irin wannan, yana ma da lada. Amma in ya bar yaron ya yi kiwo, to ya koya masa cewa kiwo amana ce. Yaron da aka koya wa ya tashi da sassafe ya wanke kaskon tsuntsu mara lafiya, ya tsince masa hatsi mai kyau, ya jure wahalarsa makonni ba tare da ya san ko zai tashi ba, ana koya masa yadda zai riƙe mahaifinsa ne ranar da ƙarfi ya ƙare. Wanda kuwa ya ga babansa ya jefar da tsuntsu a juji yana da sauran numfashi, don kawai ba ya da sauran amfani, shi ma ya koyi darasi, Allah Ya kiyashe mu da irinsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin mutum ya sayi keji ko ya gina ɗakin tattabaru, ya tambayi kansa ko zai iya riƙon tsuntsun ranar ciwonsa kamar yadda zai ji daɗinsa ranar lafiyarsa. In ba zai iya ba, ya bar shi a sararin Allah, Mai shi Ya isar masa. In kuwa ya riga ya rufe, to ya bushe masa hatsi, ya share masa ɗaki, ya nema masa magani gwargwadon hali, domin ranar da za a tambaye shi ba za a kawo maganar farashi ba.

Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai, Ya jiƙanmu da iyayenmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma sanya albarka a cikin rumbunanmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.